Rodin da na Zare daga Gadar Layinmu

Ni birkila ne tun kafin in zama duk abin da za ku ji a nan. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni, kuma Inna ce ta raine ni ita kaɗai bayan rasuwar mahaifina, da cinikin koko da ƙosai a ƙofar gida. Hannuna yana da kyau a gini, ba yabon kai ba, in na jera bulo ba sai an ja igiya ba. Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana ba su yi wa kowa laifi ba. Amma ku samari ku matso kusa, da ku nake.

Ban fara da babbar sata ba. Ragowar siminti ne a gindin buhu, in kakkaɓe in tara. Daga nan sai rabin buhu, daga nan sai buhu sukutum, in cike gurbinsa da yashi. Mai gida ba ya gani, bango kuma ba ya magana. Inna tana da wata ɗabi'a, duk abin da na miƙa mata, ko tsire ne a takarda, sai ta riƙe shi a hannu ta ce, "Halal ne?" In ce, "Halal ne, Inna." Sai ta sa albarka ta ci. Karon farko da na yi mata ƙarya sai da na kau da kai daga kallonta. Da tafiya ta yi tafiya, ko ƙifta ido ba na yi.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, gari ya ɗauki zafi da siyasa. Na ajiye cebur na shiga liƙa fasta da ihu a bayan mota har muryata ta dishe. Namu suka ci zaɓe, aka ce a saka wa yaran da suka sha rana. Wata hukuma da ba zan ambata ba tana son a zuba ƙananan gadoji a kan manyan kwatoci daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni har Unguwa Uku, sai aka ce ai ga birkila a cikinmu. Haka na wayi gari ɗan kwangila.

Ranar sa hannu aka haɗa ni da mai duba aikin, Injiniya Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna, dogo mai magana a hankali. Bai miƙo mini biro ba sai da ya yi mini bayani. Ya ce, "Malam, hukuma ba ta soke kwangila don fuskar mutum ba ta yi mata ba. Amma in ka gudu ka bar aiki, ko ka sayar wa wani a ɓoye, ko ka sa kayan da ba su aka rubuta ba, za a ƙwace. Wanda ya fi muni shi ne ka yaudari mai duba aiki. Wannan ba a ofis yake ƙarewa ba." Na yi dariya na ce, "Yallaɓai, ai mu 'yan gida ne." Wallahi yana magana ina tunanin kalar babur ɗin da zan saya.

Ga yadda aikin yake. Kafin a zuba kankare, ana ɗaura rodi kamar raga a shimfiɗa a kan katako, don shi ne ƙashin gadar. Injiniya ya zo ya gani da idonsa, ya amince, sannan a zuba. Rodi kuwa shi ne mai tsada. Sai na ɗaura raga guda ɗaya mai kyau, wadda ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Injiniya ya duba, ya buga ta da ƙafa, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ƙurarsa ba ta kwanta ba mun ɗage ragar mun ɗora a kura, an tura ta wurin aiki na gaba. Mu zuba kankare zalla, in soka guntayen rodi a gefe su leƙo don idon mai wucewa. Babu wanda ya koya mini wannan, kada in ɗora wa wani. Kaina ne ya haifo shi, har ina jin ni mai wayo ne.

Ɗaya daga cikin gadojin a bakin layinmu take, kan babbar kwatar da ta raba mu da titi. Na yi niyyar wannan kam in bar mata rodinta. Amma ranar Injiniya ya ce daga nan Unguwa Uku zai je bayan la'asar, ragar kuwa ita ce dai guda ɗayar. Leburori suka tsaya suna kallona. Na ce, "Ku ɗage. A zuba."

Muna cikin zubi sai ga Inna da ƙwaryar kunu ta kawo wa ma'aikata. Ta tsaya tana kallo, fuskarta kamar ranar Sallah. Tun daga ranar ba ta kiranta komai sai "gadar ɗana". Duk baƙuwar da ta zo sai ta rako ta har wurin, ta tsaya a tsakiya tana nuna mata. Ni kuwa ban taɓa taka tsakiyarta ba. Ta gefe nake bi, babur ɗina kuma ta layin baya nake zagayawa da shi, in ce na fi son hanyar can. Bayan damina na leƙa ƙarƙashinta na ga tsaga siririya kamar zare. Na kwaɓa siminti na shafe. Kullum ina cewa gobe zan fasa ta in sake, sai in tuna duk wanda ya ga na fasa zai tambayi dalili.

Inna ta yi 'yar gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abarsa da hantsi. Aka yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, aka sallace ta a ƙofar gida bayan azahar. Da ina nan birkilana, da maƙwabta ne kawai za su zo. Amma yanzu ni ɗan kwangila ne, layi ya cika maƙil da 'yan siyasa da masu neman aiki da waɗanda ko sunanta ba su sani ba. Maƙabarta ba nisa, don haka a kafaɗa aka ɗauki makara. Kun san yadda muke yi, kowa yana kutsawa ya sa kafaɗa ko ya taɓa da hannu don ya sami lada, ana karɓa ana saki. Inda hanya ta ƙuntata kuwa, nan jama'a suke dunƙulewa wuri ɗaya.

Ina bayan makara na ɗaga ido na ga inda muka nufa. Ga layin baya nan a hannun hagu, kalma biyu ce kawai, "Mu zagaya." Na buɗe baki. Hannun wani babba a jam'iyya yana kan kafaɗata yana ba ni haƙuri. Can gefen gadar kuma ga Injiniya Yohanna, ya zo ta'aziyya, ya cire hula ya tsaya a ba gawa hanya. In na ce a zagaya za a ce don me. Na ce a raina ai ta ɗauki mutane wata da watanni, yau ma za ta ɗauka. Na rufe bakina. Ku ji da kyau, na rufe bakina.

Ƙarar ba ta da girma. Ƙas! kamar an taka busasshen kara. Sai na ga kawunan na gaba sun nutse, makara ta tuntsure, Inna ta zame ta faɗa cikin kwata. Salati ya kaure. Na diro cikin ruwan na rungumo ta, likkafanin da aka ɗinka fari tas ya koma baƙi, yana ɗigar ƙazantar unguwa. A gefena Malam Hadi tela, maƙwabcinmu da ke riƙe da gaban makara, yana kwance kankare ya danne masa ƙugu. Gadar ta rabe biyu, cikinta a fili, tsakuwa da yashi, ko waya babu. Injiniya ya tsuguna ya shafa bakin karayar da yatsa, ya dube ni ina tsaye da uwata a hannu. A hankali ya ce, "Ina rodin da na gani?"

Liman ya ce ba za a kai ta haka ba, a mayar da ita a sake mata wanka da sutura. Na taɓa jin kukan mata in an fita da gawa. Kukan da suka yi da suka ga makara ta dawo cikin gida, wannan ban taɓa jin irinsa ba, kuma har yau bai fita daga kunnena ba. Karo na biyu ta layin baya aka bi da ita. Babu wanda ya sa mini hannu a kafaɗa.

Ba a yi sadakar bakwai ba hukuma ta sa aka fasa gefen sauran gadojin, aka tarar duk haka suke, aka toshe su da itace. Aka kira ni ofis. Injiniya ya maimaita mini maganar ranar sa hannu, kalma bayan kalma, ransa a ɓace, don shi ma sai da aka tuhume shi kafin gaskiyarsa ta fito. Aka soke kwangilar saboda ha'inci da yaudarar mai duba aiki, aka cire sunana daga masu yi wa hukuma aiki, 'yan sanda suna jira a baranda. Na waiga neman 'yan gida, ko ɗaya ban gani ba. A kotu ban yi musu ba. Da me zan yi musu, alhali unguwa guda ta gani da rana tsaka?

Na yi shekaru a gidan yari. Mutane suna tambaya ko akwai wuya. Akwai, amma ba ita ta karya ni ba. In wani ya karya icen girki a tsakar rana sai in zabura in ga farin ƙyalle yana zamewa. In aka miƙo mini abinci sai in ji ana tambayata, "Halal ne?"

Da aka sake ni, kafin in shiga gida shagon Malam Hadi na fara zuwa. Ya daina taka keken ɗinki, da sanda yake tafiya. Na durƙusa na nemi gafara. Ya dube ni ya ce, "Ƙugun nan na yafe maka tun ina asibiti, ƙaddara ce. Zare rodin ma na gane, kwaɗayi ne, kowa yana da shi. Shirun da ka yi ne na kasa ganewa. Uwarka ce fa a kai."

Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Na koma birkilanci na yini, abin da aka ba ni shi nake sawa. Ku kuma samari, musamman masu bin 'yan siyasa ana yi muku alkawarin kwangila, ga abin da zan gaya muku. Kada ku fara da gindin buhu. Abin da aka rubuta a sa, ku sa shi, ko da babu mai dubawa, don ba ku san wa zai taka ba. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun ana iya zagayawa. Kunyar faɗa ta yini ɗaya ce, wallahi da na sha ta.

An sake zuba gadar layinmu, wani ne ya yi, da rodinta. Amma duk ranar da aka yi rasuwa a unguwa ba na sa kafaɗa a makara. Gaba nake wucewa, in riga kowa hawa kowace gada, in tsaya a tsakiya in buga ƙafa da ƙarfi kafin gawa ta iso. Yara suna cewa tsohon nan ya taɓu. Manya kuwa sukan ɗan rage tafiya har in sauka.