Darmar da Yaya Iliyasu yake ɗaure gwamna da ita

Shekara talatin kenan da muka binne yayana Iliyasu a Yendi. Makanikin famfon dizal ne. Ni direba ne, ina ɗauko doya daga Salaga in kai Bawku, in dawo da albasa. Babu wanda ya ce in tuna da shi. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa.

Shi ya nuna mini abin da ake kira gwamna. Ya buɗe bayan famfo a kan tebur, sai ga ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin. Inji yana juyawa, ƙarafan suna juyawa da shi. Idan gudu ya yi yawa sai su buɗe kamar fukafukai, su ja sandar mai baya, mai ya ragu. Idan kaya ya danne inji, gudu ya faɗi, sai sifirin ya rinjaye su, mai ya ƙaru. Ya ce da ni, "Ƙanena, kai roƙo kake yi da ƙafarka. Wannan ne mai bayarwa." In ya gama saiti sai ya zura waya a kan sukurun saitin, ya matse da darma don kar a taɓa.

Mu direbobi mun tsani darmar nan. Lokacin doya mota takan ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ga hawan dutsen Nakpanduri yana jira. Sai a tsinke wayar, a ɗaure sifirin tamau don a samu wuta. Kowa ya san masu yin haka a bayan tasha. Yaya ba ya yi. Suna ce masa Liman. Yakan ce, "Je ka wajen wanda zai yi maka, amma kar ka tayar da motar kusa da ni."

Kusa da shi aka tayar. Wata motar Bawku ce da aka taɓa wa gwamna har sandar mai ta maƙale. Rana tsaka, tasha cike, mata na sayar da koko da ƙosai a gindin tayoyi. Direba ya ba ta wuta, inji ya ɗauka, bai sauko ba. Ya ja wayar kashewa, babu. Ƙarar ta zama ihu, hayaƙi ya rufe mu. Direban ya diro ya gudu.

Inji irin wannan, sai an toshe masa iska yake mutuwa. Yaya ya tuɓe rigarsa ya hau. Na bi shi da katako. Ya ce, "Kori matan nan!" Na juya ina korarsu. Injin ya fashe kafin ya toshe. Mace ko ɗaya ba ta ji ciwo ba. Ni kunnena na hagu ya kurmance. Shi bai kai asibiti ba.

Sati bai zagayo ba aka ci gaba da tsinke waya a bayan tasha.

Da zai dawo yau ban san me zai ce ba. Motocin yanzu ba su da ƙarafan nan, na'ura ke auna musu mai, kuma na ji ita ma ana shiga a cire mata iyaka. Inda rumfarsa take, katin waya ake sayarwa. Bara na tsaya a wurin na faɗi sunansa, mai shagon ya ce, "Baba, wane Iliyasu?" Jikokin matan da ya tsayar wa mutuwa suna nan a tashar, ba su san akwai abin da ya faru ba.

Ana cewa aikin kirki ba ya ɓata. Wajen Allah, na yarda. A nan ƙasa kuwa na duba ban gani ba. Abin da ya rage filayar da yake matse darma da ita ce, tana ƙarƙashin gadona, ta yi tsatsa, babu mai tambayarta. Sai kunnen nan nawa. Ba ya jin kiran salla, ba ya jin jikokina, amma har yau yana jin injin nan yana hawa, bai sauko ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya.