Albasar Kwaɗi a Gindin Durumi

Jiya na wuce wani mai sayar da furanni a bakin titi, ya jera su cikin baƙaƙen ledoji, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A tsakar gidanmu na Limancin Kona akwai wani durumi da marigayi kakanmu ya dasa. Kun san halin durumi, ga inuwa mai kauri, ga saiwa mai shanye danshin ƙasa. Ko ciyawa ba ta fitowa a gindinsa. A nan kakata ke wuni bisa tabarma tun da ciwon ƙafa ya hana ta fita.

Baffana, ƙanin mahaifina, ya so ya faranta mata. Sau biyu yana kawo furannin Turawa ya dasa a gabanta, sau biyu suna ƙonewa kafin bazara ta yi nisa. Sai ya ɗora wa bishiyar laifi, ya ce zai kira masu sara.

"Inna, babu abin da zai rayu a nan," in ji shi.

"Ka bar min ita zuwa damina," ta ce.

Ta roƙi matar da ke kawo mana daddawa daga ƙauye ta tono mata albasar kwaɗi, wadda ke fitowa ƙarƙashin itatuwa, ba ta bakin fadama ba. Da kanta ta ja jiki ta binne su da tsohuwar wuƙa. Ruwan alwalarta kaɗai suke sha. Da zafi ya tsananta ganyen ya bushe ƙurmus. Na ce mata sun mutu. Ta ce barci suke yi, amma na ji muryarta ba ƙarfi, kuma ranar ba ta taɓa tuwonta ba.

Kwanaki kaɗan bayan ruwan fari muka wayi gari da fararen furanni masu jan layi, ƙamshinsu har zaure. Baffa ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, "Inna, matsa mini," ya zauna a gefen tabarmar. Bai sake zancen sara ba.

Yau babu durumin. Bayan rasuwarta gida ya cika, aka buƙaci ɗakuna, aka malala siminti ko'ina. Baffa kaɗai ya ƙi yarda, ga shi ya tsufa, ba wanda ya saurare shi. Ana gobe za a sare, ya zo da fartanya ya tone albasar ɗaya bayan ɗaya, ya raba mana mu jikokinta. Tawa tana nan a gidana na Tudun Jukun, a bayan ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Duk sanda ya zo gidana, can yake fara zuwa kafin mu gaisa.