Dorcas Mai Tsintsiya Biyu

Hashimu helma, kai ne ka danne wa Dorcas hutunta, kuma ka san ka danne. Da sunanka na fara don kada ka ce da wani nake. Ni ce Turai, matar marigayi Nasidi. Ban yi boko ba, amma Allah bai hana ni baki ba. Tsaya nan, zan dawo kanka. Bari in fara da mutuniyar kirki.

Duk wanda ya zauna a gidajen ma'aikatan dam ɗin Bakolori ya san Dorcas, ko bai san sunanta ba. Kafin hantsi ta share layinta, ta kwashe kwata, ta ƙone bola, tana 'yar waƙarta ta coci ƙasa-ƙasa. Daga kudancin Zariya ta biyo mijinta direba. Ni kuwa ruwan dam ne ya ci gonarmu a Maradun, ya koro mu Talata Mafara, na ɗauki tsintsiya da furfurata. Ɗan kwangila ɗaya muke yi wa shara, layina na jikin nata, kai kuma Hashimu kai aka ɗora a kanmu.

Dokar wurin kowa ya san ta. Wadda ta cika shekara ba fashi tana da hutu, albashinta na tafiya. Wadda ta yi mako ba a gan ta ba, an shafe ta, in ta dawo baƙuwa ce, in ma ta tarar da gurbi. Wanda ya tsara dokar nan ya manta mazan mutane na mutuwa. Ina gab da cika shekara Nasidi ya rasu, ya bar ni da jikoki uku. Takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ce, ba a rage ta don shara.

Dorcas ta zo gaisuwa, ta durƙusa, ta ce, "Yaya Turai, ina tsintsiyarki?"

Na ce, "Maman Zakariya, ana makoki kina biɗar tsintsiya?"

Ta ce, "Tawa ce ta gaji da kaɗaici. Ba ni."

Ba a ɓoye ta yi ba. A gaban Taiba mai ƙosai ta same ka, Hashimu, ta ce za ta riƙa share mini layina, ka ce, "In dai layi ya sharu, ba ruwana da hannun da ya share shi." Taiba na nan da ranta.

Ke ce, Dorcas, kika yi ta sharar layi biyu, zafi da damina, har aka daina kiran sunanki sai Mai Tsintsiya Biyu. Ke ce kike kawo mini haƙƙina ƙulle a bakin zane, ki tsaya daga ƙofa kina tsokanata: "Yaya, ashe gwauraye kika tara a layinki? Ƙashin kifi har cikin takalmi!" Dariyata ta farko bayan Nasidi, ke kika ciro ta.

Na fita takaba na tarar da aikina, shekarata ta cika, hutuna ya tabbata. Jikokina ba su kwana da yunwa ba.

Ana nan saƙo ya zo, tsohuwar Dorcas na kwance a gida, tana kiran sunanta. Dorcas ta nemi hutunta. Nan ne kai Hashimu ka gyara hula ka ce, "Watannin da kinka yi, Turai anka rubuta ma. Ke sabon lissahi za ki faro."

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Layi biyu ta share, ɗaya ma ba nata ba ne? To ɗauki hutuna ka ba ta."

Ka ce, "Hutu ba zane ba ne da za a ara."

In ta tafi, aiki ya tafi. In ta zauna, ƙila sai dai ta je ta ga kabari. Mu mata muka kai tsintsiyoyinmu bakin ƙofa muka jibge. Wallahi sai da muka rirriƙe Dorcas, da ta kwashe su ta share layukanmu duka, wai kada a kore mu saboda ita. Da wari ya isa inda ya kamata ya isa, mai kwangilar ya zo da kansa. Ya saurara, ya ce shi bai taɓa kafa wannan doka ta sabon lissafi ba. Ranar kasuwa muka sa ta a mota, da hutunta da albashinta.

Ta tarar da tsohuwa da rai! Ta ba ta kunu da hannunta, ta yi jinyarta har ta miƙe. Ranar da ta dawo mana da tsarabar citta, na zauna a ƙasa na yi ta hamdala, don da tsohuwar nan ta mutu ba ta gan ta ba, da takabata ce ta ja mata, kuma da ban sake barcin kirki ba.

Yanzu aiki ya ja baya, Dorcas na ɗaure kaya za ta koma gida bayan shekarun da ta yi tana share wa mutane ƙazantarsu. Na gode, ƙanwata. Ba uwa ɗaya ba, ba salla ɗaya ba, amma kin rufa mini asiri. Allah ya rufa naki. Ku kuma mata, in kun ga tsintsiyar maƙwabciya a yashe, ku ɗauka.

Saura kai, Hashimu. Har yau kana wuce mu kana kawar da kai. Kafin motar Dorcas ta tashi, ka zo bakin ƙofar nan inda muka jibge tsintsiyoyi, a gaban Taiba da sauran mata, ka faɗa mana inda ka samo dokar nan, da wadda ka so ka ba gurbin Dorcas. Ina jiran ka.