Ƙugiya Ta Goma Sha Biyar

Sati uku bayan rasuwar maigidana, sakatar ƙofar ɗakina ta zazzago. Katakon ne ya ci. Kwana biyu ina tokare ƙofar da kujera, a na uku na naɗe sakatar a bakin mayafi na tsallaka titi zuwa shagon Mai Ƙusa, inda ban taɓa sa ƙafa ba, don irin wannan sayayya aikin marigayi ce. Na ce a ba ni ƙusa huɗu masu kauri. Ya karɓi sakatar ya jujjuya, ya ce, "Ƙanwata, ƙusa ba za ta riƙe ba, ramin ya riga ya yi faɗi." Ya jawo guntun katako mai rami, ya cusa tsinken ashana uku a ciki, ya murɗa sukuru a kai, sannan ya miƙo min sukudireba ya ce in gwada da hannuna. Sai da na yi sau uku a gabansa. Ya ce in tafi da sukudireban. "Yanzu ba sai kin jira kowa ba," in ji shi.

Shekara talatin da wani abu Mai Ƙusa ya yi a shagon nan, Allah ya jiƙansa. Siriri ne, mai ɗan ranƙwafo, kullum da fensir a maƙale a kunne. Shagon kuwa mutum biyu ba sa gittawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Gwangwanayen ƙusa a jere daga ta inci ɗaya zuwa ta inci shida, guduma da zarto da filaya a rataye a bango, kwaɗo iri-iri a cikin gilashi, sifana a ɗaure da waya daga ƙarama zuwa babba. Tagar da nake ɗinki tana kallon kantarsa, matarsa kuma ƙawata ce, don haka abin da idona bai gani ba, kunnena ya ji.

Ba ya sayar da abu sai ya yi tambaya. Mutum ya ce a ba shi ƙusa, sai ya ce, "Me za ka rataya?" In madubi ne, ga tasa. In buhun kaya ne, ga wata. Masu gaggawa kan ce, "Baba, ƙusa na zo saye, ba shari'a ba." Shi kuma ya ce, "To amsa min, sai in sallame ka." Ta haka ya san abin da ke rataye a bangon rabin gidajen unguwa.

A ƙasan kantar akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi. Duk kayan da dillali ya kawo, sai ya ɗauki ɗaya ya saki a kansa ya saurara. Ƙarfen kirki yana amsawa, ya ja sauti siriri. Na banza ya ce ƙwas, ya yi shiru. Dillalai da yawa sun mai da kwalayensu kan babur suna ƙunƙuni saboda dunƙulen nan.

Sai kunnen ya fara tafiya. Shekaru ne, ga kuma mai walda da ya buɗe a jikin bangonsa. Daga tagata na lura ya koma juyo wa mutane da ɓarin dama, daga baya kuma ya koma kallon leɓensu. Matarsa ta ce, "Malam, kunnen nan fa ya yi nisa." Ya ce, "Kunnena ƙalau yake, ke ce kika koma magana ciki-ciki." Bai daina sakin ƙarfe a kan dunƙulen ba. Zai saki, ya karkata kai kamar mai saurare, ya gyaɗa. Amma da nauyin abin a hannu da kyansa a ido yake yanke hukunci, kuma babu wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa.

Ana cikin haka, a tsakiyar wani zafi, wani baƙon dillali ya kawo kwali ɗaya na ƙugiyar fanka, irin wadda ake kafawa a rufin ɗaki a rataya fanka a jiki. Guda ashirin da huɗu, an shafe su da koren fenti, sumul, masu nauyi a hannu. Mai Ƙusa ya saki ɗaya a kan dunƙulen. Dillalin ya zuba masa ido. Tsohon ya karkata kai, ya gyaɗa, ya ce a ajiye. Daga ranar ba a ƙara ganin dillalin a layin ba.

Zafin ya wuce, damina ta wuce, sanyi ya shigo har ya fara ja da baya. Wata Talata kafin azahar, mai aski na ƙarshen layi ya kunna fankarsa karo na farko a cikin watanni, don ya ga ko tana nan da rai. Bayan ɗan lokaci sai ga shi a shagon, gashi a manne a rigarsa. Ya ajiye rabin koriyar ƙugiya a kan kanta.

"Baba, ga kayanka. Fanka ta sauko a kan kujerar aski, ta tsaga ta biyu. Da mutumin bai tashi amsa waya ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Mai Ƙusa ya ɗaga guntun a haske. Cikinsa toka-toka ne, tsaki-tsaki, kamar yashin da aka dunƙule. Ƙarfen zubi ne mai saurin karyewa aka rufe da fenti. Ya sunkuya ya jawo kwalin, ya ciro ɗaya ya miƙa wa mai askin.

"Sake ta a kan ƙarfen nan, ka faɗa min abin da ka ji."

"Kai da kanka ba ka ji?"

"Na ce ka sake ta."

Ya saki. Ya ce, "Ba ta ce komai ba, Baba. Kamar an jefa dutse a laka."

Tsohon ya sake sunkuyawa. Ya ƙirga abin da ya rage a kwalin, tara. Goma sha biyar sun fita. Ɗaya ga ta a kan kanta, sauran sha huɗu suna can a saman kawunan mutane, kuma bai fi wata ɗaya da rabi ya rage zafi ya shigo ba, lokacin da kowace fanka za ta wuni tana juyawa a lamba ta ƙarshe.

Ranar ya je wajen maƙeri ya sa aka lanƙwasa masa sababbi da rodi mai kauri. Washegari ya rufe shago da hantsi, ya saɓa tsani a kafaɗa. Matarsa ta biyo shi har ƙofa tana cewa, "Malam, da gwiwar nan taka? Ka sa mai gyaran wuta mana." Ya ce, "Shi ya sayar da su?"

Tambayar nan tasa da ake yi wa tsiya ita ta cece shi, don ya tuna inda kusan kowace ta tafi. Takwas mai gyaran wuta ne ya ɗauka, shida ya kafa a wani gidan haya, biyu a ajin wata ƙaramar makaranta. Mai gidan hayan ya so ya hana shi shiga. "Za ka tayar min da hankalin 'yan haya," ya ce. Mai Ƙusa bai yi musu ba, ya ciro koriya ɗaya daga aljihu, ya kama ta da filaya biyu ya murɗa, ta ɓalle a gaban idon mutumin. Mai gidan da kansa ya riƙe masa tsanin. A ajin makarantar, da ya sauke fankar, ya tarar ƙugiyar ta riga ta tsage, tsaga siririya kamar gashi, a saman bencin gaba.

Sauran ɗai-ɗai suka fita: tela, mai shagon magani, wani direba, wata malama, wani ango. Cikin sati uku ya tattaro goma sha uku. Ya zuba su a bokiti a bayan kanta, yana ƙirgawa safe da yamma, kamar adadin zai canja. Da ta mai aski, sha huɗu ke nan.

Ta sha biyar ɗin bai manta da wadda ta saya ba, sai dai bai san inda take ba. Wata mace ce mai tabarau, ba 'yar layin ba, daga motar haya ta sauko da leda a hannu. Ta sayi ƙugiyar, da ƙananan tayoyi huɗu na ƙafar gado, da mariƙin ƙarfe na kafawa a bango. Da ya tambaye ta me za ta rataya, ta ce babanta ne ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi, ba ya magana, zafi ya fara fito masa da gyambo a baya. Ƙanenta zai kafa fankar da kansa. Mai Ƙusa ya tuna abin da ya ce mata, kalma kalma: "Ki sa a kafa ta daidai saman gadon, 'yata, don iskar ta same shi sosai."

Ya rubuta sanarwa a jikin kwali ya rataya a ƙofar shago da karyayyar ƙugiyar a ɗaure. Ya bi direbobin motar haya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi dariya ya ce, "Baba, mace mai tabarau? Yau kaɗai na ɗauki bakwai." Ya bi shagunan magani yana tambayar wa ke sayen maganin gyambon kwanciya. Ya sa an yi cigiya bayan salla a masallatai uku. Shiru.

Zafin shekarar kuwa bai jira lokacinsa ba. Kwana goma kafin a zata, fankoki suka tashi a ko'ina. Ina ganinsa daga taga, in ya wuce ƙofar da take buɗe, sai ya ja ya tsaya ya ɗaga kai. Tasa fankar ta shago ya kashe ta, ya zauna gumi na zuba. Abinci ya koma sai a kai a dawo da shi. Matarsa ta ce, "Sha huɗu ka samo, Malam, ka bar wa Allah ɗaya." Ya ce, "Na bar masa. Amma mai aski mutuminsa ya tashi amsa waya. Wannan ko ya ga tana saukowa, ba zai iya matsawa ba, ba zai iya kira ba."

Wata rana aka yi masa kwatancen wani gida a bayan kasuwar katako, inda aka ce akwai tsoho a kwance shekara biyu. Ya ɗauki tsani da rana tsaka. Mutanen gidan suka bar shi ya hau. Ƙugiyar baƙa ce, tsohuwa, lafiyayya. Wajen saukowa ƙafarsa ta kuskure mataki na biyu, ya faɗi a kan siminti, ƙugunsa ya karye.

Bai ƙara tashi ba. Sati bakwai ya yi a kwance, ya rasu kafin ruwan farko. Zafi biyu sun wuce tun daga nan. Ban ji labarin fanka ta faɗo wa wani majinyaci ba, ban kuma ji an ce an canja wata ba, ga shi zubi ba ya ƙara ƙarfi don ya daɗe.

Ni kuwa, tun jinyar shekara biyu da na yi wa maigidana, matan unguwa da na nesa sukan aiko a kira ni in nuna musu yadda ake juya mai kwanciya, da yadda ake canja zanen gado ba tare da an ɗaga shi ba. Mai Ƙusa ya san da haka. A sati na biyar na kwanciyarsa na shiga gaishe shi da la'asar. Ya rame ƙwarai, idonsa na kan silin. Matarsa ta sunkuya ta ɗaga murya a kunnensa na dama, ta ce ga maƙwabciya ta zo.

"Yaya, ya jiki?"

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro koriya ɗaya daga cikin na bokitin, ya danƙa min a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kanta.

"Ƙanwata, ke kina shiga ɗakunan da ni ba a bari in shiga. Riƙe wannan ki san kamarta. Ga fentin, ga wannan layin a gefenta, nan ne aka haɗa zubin. Duk ɗakin majinyacin da kika shiga, in kin yi sallama, ki ɗaga kai. In murfin fankar ya rufe ta, ki roƙa a zame shi ƙasa, ko za su ce kin cika shisshigi."

Na ce in Allah ya yarda.

"In kin gan ta, kada ki tsaya yi musu bayani, bayani yana cin lokaci. Kada ma ki fara zuwa wajen makunnin fankar. Gadon yana da taya, ni na sayar mata da su. Ki janye gadon tukuna."