Yaya Maliki, Mai Jirgin da Ba Ya Jiran Cika

Na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. A safiyar Asabar, 11 ga Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Maliki Haliru Bagudo, direban jirgin ruwan da ya yi shekara da shekaru yana jigilar mutane da kaya tsakanin Tuga da Malanbil. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa matarsa Fadimatu ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa a tabarma, shi ke nan.

Yaya, lokacin ina Malanbil, can tsallaken iyaka, ina haɗa bandar kifi. Babban ɗanka Zayyanu ne ya kira ni. Ya ce, "Gwaggo, Baba ya rasu. An sa jana'iza ƙarhe biyu." Na ce masa to. Ban tambaye shi komai ba. Na ƙarasa ɗaure kwandon da ke gabana, na ɗaure shi da kyau ma, sannan na bar wa maƙwabciyata Dela kayan na nufi bakin ruwa. Abu guda ne a raina: in iso gida kafin a fito da kai, in ga fuskarka, in ce na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Mu mata ba ma bin gawa maƙabarta. Da an wuce zaure da kai, rabona ya ƙare.

Na tarar da jirgi mai zuwa Lolo, na shiga na zauna. Rabinsa babu kowa. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi a kogin nan ya san ma'anar haka: jirgi ba ya tashi sai ya cika. Ka zo da sassafe ko ka zo da hantsi, duk ɗaya, za ka zauna har buhun albasa na ƙarshe ya shigo, mai shi kuma ya je ya yi fitsari ya dawo. Haka muka taso muka tarar, haka kowa yake yi. Kai kaɗai ka ƙi.

Tun ranar da ka mallaki jirginka ka ce da agogo za ka riƙa tashi. An yi maka dariya har an gaji. Ka sayo agogon bango irin na falon amarya, ka naɗe shi da leda, ka kafe shi a jikin rumfar jirgi. Ga na hannu, ga kuma ƙaramar rediyonka da ka ɗaura mata waya a jikin gorar tuƙi don ta kamo tasha. Kowace safiya kafin ka tayar da inji sai ka kara ta a kunne, yatsanka a kan maɓallin agogo, kana jiran ɗan ƙarar nan da ake bugawa idan awa ta cika. A wannan lokacin ko gobara ta tashi ba za ka juyo ba. Da ƙarar ƙarshe ta buga sai ka danna, ka gyara na hannu, ka miƙe ka gyara na bango. Ka san halin kowannensu. Kana cewa na bango yana da gaggawa saboda girgizar inji, na hannu kuma nawa gare shi, kamar ni.

Na taɓa tambayarka me ya sa ba za ka duba waya kamar kowa ba. Ka ce waya baƙuwa ce a iyaka, da ta shaƙi iskar wata ƙasa sai ta rikice. Gaskiyarka. Mun sha ganin mutum biyu a benci ɗaya suna musu, wayar wannan ta ce tara, ta wancan ta ce takwas, a ƙarshe duk su juyo su ce, "Malam Maliki, ƙarhe nawa?" Kai kuma ba ka taɓa cewa wajen tara ba. Sai ka faɗa da mintinta. Kana cewa, "Rediyo ba ta ƙarya bisa lokaci. Sauran labarin da ta ka hwaɗi kau, ban shaida ba."

Ni ma ka taɓa bari na a bakin ruwa. Na tsaya ciniki, na iso ina hango bayan jirginka, kana ɗaga mini hannu kamar wata baƙuwa. Na yi mako ban gaishe ka ba. Da na kai ƙara wurin Inna, Allah Ya ji ƙanta, sai ta ce ai ita ma ka taɓa barin ta.

Amma mutanen da suka zage ka su ne suka dawo suna neman jirginka. Mai kai mara lafiya asibiti ya san in ya hau naka zai tarar da likita bai tashi ba. Mata masu ɗanyen kifi sun daina asara. A shekarun da azumi ya faɗo cikin damina, hadari ya rufe rana muna tsakiyar ruwa, babu masallaci babu ladan, bakinka kowa yake kallo da dabino a hannu. Har ka san rana takan ɗan jinkirta faɗuwa a Malanbil fiye da gida, sai ka ce a ƙara haƙuri kaɗan, kuma a yi. Lokacin da mijin Dela yake shan maganin tari mai ƙa'ida, kai ne kake rage wutar inji ka ce, "Dela, ba shi magani, lokaci ya yi." Ba ta roƙe ka ba, sau ɗaya ka ji tana faɗa ka riƙe.

Duk wannan a cikin jirgin mutane na zauna ina tunawa, ina kallon inuwar rumfa tana janyewa. Na gaya wa direban abin da ya faru. Ya san ka, har ya cire hula ya yi maka addu'a. Na ce zan ɗauki nauyin gurbin da ya rage, mu tashi. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mata sun aza kayansu sun koma kasuwa. In tahi da kayan mutane in bar su?" Ba shi da laifi. Na koma na zauna. Wata mata ta miƙo mini gyaɗa, na karɓa na ci.

Da muka tashi ban duba lokaci ba, ban kuma tambaya ba. Na rarrashi kaina da abin da kowa ya sani, cewa ƙarfe biyun jana'iza a wurinmu yakan kai biyu da rabi, wani lokacin har uku, kafin dangi na Geza su iso, na Kurgu su iso, a jira wani dattijo ya yi alwala. Da wannan lissafin na sauka a Lolo, da shi na hau babur.

Na iso ƙofar gida maza suna dawowa. Na gane tun daga nesa, saboda jar ƙasar da ke ƙafafunsu da yadda suke tafiya ba mai gaggawa. Zayyanu ya taho ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Gwaggo, Liman ya tambaya ko a dakata miki. Direbobin jirgi sunka ce mutumen da bai taɓa makara ba, ba su iya makarar da shi ran tahiyatai ta ƙarshe. Anka aika ciki, mahaifiyata ta ce su yi abin da za ya so." Na ce sun kyauta. Har yanzu ina ganin sun kyauta, da ni ce a cikin gida aka aiko a tambaya, abin da zan ce ke nan.

Na shiga ɗakinka. An share, an ɗauke tabarmar, ƙasa ba ta gama bushewa ba inda aka yi maka wanka, ga ƙamshin turare. Matan da suka gan ka suka yi ta gaya mini fuskarka ta yi haske, kamar mai barci. Na riƙa gyaɗa kai. Fadimatu ta rungume ni tana kuka, ni ina shafa bayanta ina kallon bango. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, na dafa abinci, na raba, na wanke tukwane. Mutane suna cewa Hamdiyya akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, Yaya. Ban ji komai ba ne, kuma ban san ranar da zan ji ba.

Abin da na taho da shi daga Malanbil yana nan a bakina, ban sami wanda zan faɗa wa ba, shi ya sa na rubuta. Na yafe maka duniya da lahira. Ka yafe mini, in ana jin irin wannan a inda kake.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya sa sallolin da aka yi a kan lokaci saboda kai, da azumin da aka sha daidai a tsakiyar ruwa, su tarye ka a can. Allah Ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljannar Firdausi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa gaisuwa ga Fadimatu, da Zayyanu da ƙannensa Bashira da Sufyan, da danginmu na Geza da Kurgu, da direbobin jirgi na Tuga da Lolo da Dole Kaina, da duk wanda ya taɓa hawa jirginsa. Allah Ya ba ku haƙuri. Masu zuwa yi mini gaisuwa kuma na gode, Allah Ya ba da lada. In kun ga ina amsawa kamar maganar wani ake yi, ku yi mini uzuri. Ban ga fuskarsa ba, labarin bai gama isowa gare ni ba tukuna.

Hamdiyya Haliru, Bagudo