Dogon Mai Faci na Ƙofar Durbi

A bakin Ƙofar Durbi akwai wani mai faci da sai ya sunkuyar da kai kafin ya shiga rumfarsa. Malam Nu'uman, da tayar babur ɗinsa ta sace, yana zaune a benci yana kallonsa. Mai facin ya doshi hamsin, tafin hannunsa kamar faifai, in ya tashi yana ɗingisa ƙafar hagu.

A jikin bango ya rubuta sunayen ƙungiyoyin ƙwallon kwando na Amurka da alli, guda goma sha shida, bibbiyu suna fuskantar juna.

"Malam, wannan rubutun fa?" in ji Nu'uman.

"Zagayen neman kofi ke nan, ranka shi daɗe. Ƙungiya biyu na iya karawa har sau bakwai. Wadda ta riga cin huɗu ta wuce, ɗayar ta tafi gida." Ya ɗora baƙin yatsansa kan wani suna. "Waɗannan an ci su uku, sun ci ɗaya. Kowa ya sallama su, ni kuwa na ce su za su wuce."

"Da wace hujja?"

"Gwaninsu ya warke daga ciwon gwiwa. Jibi zai dawo."

Nu'uman ya tuno wani filin ƙwallon kwando na siminti shekara talatin baya, da dogon saurayin da aka ɗauko ranga-ranga yana dafe da gwiwa. Bai tambayi mai facin ko shi ne ba.

Mai facin yana ta goge roba, kansa a ƙasa. Can ya ce, "Su can, in mutum ya ji ciwo, jiransa suke yi."