Ƙafar da ta ƙi tashi bayan haihuwar fari

Kwana biyu na yi ina naƙuda a ɗakin mahaifiyata a Koki. Da yarinyar ta faɗo, kowa ya yi hamdala, ni ma haka. Sai da na miƙe zan zaga bayan gida na ji ƙafata ta hagu ba ta bin umarnina. Tafin ya saki, yana jan ƙasa, takalmi ba ya zama a ciki.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke yi mini wankan jego. Ta duba ƙafar ta ce sanyi ne ya shige ni, maganinsa kuwa wuta. Ta ƙara itace a murhu, ta riƙa fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganyen runhu safe da yamma, ta ɗura mini kunun kanwa har na daina jin ɗanɗanonsa. Fatar ƙaurina ta saɓule, ƙafar tana nan yadda take. Akwai kuma abin da na ɓoye: in na yi tari, fitsari sai ya zubo.

Aka yi arba'in, aka ƙara wata biyu. Kullum in na ce a kai ni asibiti, gwaggo sai ta ce ta yi wa mata fiye da yadda za ta iya tunawa wanka, ba wadda ta nuna mata raini sai ni. Maigidana ne ya gaji da jira, ya roƙi mahaifina, aka bar mu muka tafi, gwaggo na riƙe da jaririya tana mita.

Wata ma'aikaciya mai farin kaya ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta ce jijiya ce kan yarinyar ya danne lokacin haihuwa. Ta karɓi ɗankwalina, ta rataya a tafin ƙafar, ta nuna mini yadda zan jawo yatsun zuwa gare ni. Ta ce in riƙa gwada tsintar tsakuwa da su. Sannan ta rage murya ta tambaye ni zancen fitsari, ta koya mini yadda zan riƙa matse jikina kamar mai riƙe shi, in saki, in sake.

“Allurar fa?” in ji gwaggo.

“Babu allura, Baba. Aikin nata ne, kullum.”

Tun daga ƙofar asibiti har gida gwaggo ba ta yi shiru ba. Ta gaya wa duk matan gidan cewa an mai da matar aure 'yar wasan tsakuwa. In na zauna da ɗankwali a ƙafa, sai ta miƙo mini yarinya ko ta aike ni tankaɗe. Na koma yi a ɓoye, a bayan rumbu. Mako uku ina ja, babu abin da ya motsa. Wata rana na yi jifa da tsakuwar na zauna ina kuka don haushi, sannan na rarrafa na tsinto ta.

A mako na biyar babban yatsan ya ɗaga kaɗan. Zubar fitsarin kuwa ta riga ta tsaya tun kafin nan. Da damina ta sauka na koma ɗakina a Gwale da ƙafata, ina ɗan ɗingishi. Gwaggo ta raka ni, a hanya tana shaida wa duk wadda muka gamu da ita cewa runhunta ne ya yi aiki, sai dai ya makara.